Wanda Ya Ƙi Nuna Kabarin Sarki

Ni tela ne, sunana Sani, kuma shagona yana kallon tsohuwar maƙabartar da ke bayan Trikania tun kafin a yi wa hanyar kwalta. Mutane sukan ce mini, "Kai Sani, duk faɗin Kaduna ka rasa inda za ka kafa keke sai gaban matattu?" Nakan ce musu ai su ne maƙwabtan da ba su taɓa aron almakashina sun ƙi dawo da shi ba. A bakin wannan shago na san Baba Zakariyya'u mai haƙan kabari. Labarinsa nake so in ba ku, don na gaji da jin waɗanda ba su san hawa ba balle sauka suna ba da shi a karkace.

Baba Zakariyya'u ya zo Kaduna daga wani ƙauye na ƙasar Katsina yana saurayi, neman aikin masaƙa ya kawo shi kamar kowa a lokacin. Wata uku ya yi a ciki ya fito, ya ce ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji abin da zuciyarsa take faɗa masa. Ana cikin haka wani maƙwabcinsa ya rasu, aka rasa mai haƙa, ya ɗauki diga ya shiga. Liman ya leƙa ramin ya ga gefensa tsaf kamar an sa magwaji, ya ce, "Yaro, ka sami sana'a." Daga ranar bai sake neman wani aiki ba. Dogo ne, siriri, maganarsa ba ta da yawa, kuma taurin kansa, Allah ya jiƙansa, ya fi ƙarfin digarsa.

Yana da wata hanya ta aiki da ban ga wani mai haƙa yana yi ba. Kun san yadda ake yi: a haƙa babban rami, a haƙa ƙarami a cikinsa, a kwantar da mamaci, a jera itace ko fasassun tukwane a sama, a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a mayar da ƙasa. Wasu sukan kafa ɗan allo ko tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, a wajen kai don alama. Shi kuwa ya lura awaki da ruwan sama ba sa barin alama ta kai shekara biyu. Sai ya riƙa roƙon gidan mamaci wani ɗan abu nasu, tsingaron tukunyar gidan, ko marfin kwano, ko karyayyen cokali, ya binne shi a wajen kai, zurfin taƙi ɗaya, ya shafe wurin. Ido ba ya gani, akuya ba ta tonowa. Sauran lissafin kuma yana cikin kansa: daga gindin tsohuwar ɗorawa, layi na kaza, kabari na kaza, wane ɗan wane. Bai iya rubutu ba, ko sunansa. Amma ka zo bayan shekara ashirin ka ce ina uwarka take, zai kai ka har kanta, ya tona da yatsu ya nuna maka marfin kwanonta.

Matarsa Hauwa mace ce mai fara'a da yawan tsiya, ita kaɗai ce take iya sa shi dariya har haƙoransa su fito. A ɗakin haya suka yi zamansu duka, gidan da aka kewaye da zana. Duk damina sai zanar ta faɗi, awakin unguwa su shiga su cinye mata kuka da kuɓewar da ta shanya. Abin da ta roƙe shi a duniya ɗaya ne. "Malam," takan ce, "ban ce ka kai ni Makka ba, ban ce ka saya mini zinariya ba. Katanga kawai. In zauna a cikin gida ba tare da akuya ta leƙo ta gaishe ni ba." Shi kuma ya ce, "Za a yi, in sha Allahu." Haka yake cewa duk shekara. Ta rasu da wani ciwon ciki da ya kwantar da ita mako biyu, ba a yi katangar ba. Da hannunsa ya haƙa mata, can ƙurya ta gabas, kusa da 'ya'yansu biyu da suka riga ta tun suna ƙanana. Wallahi na tausaya masa, don ya fi shekara ban ga haƙoransa ba.

Wanda ya dawo masa da magana wani baƙo ne. A tsakiyar mulkin soja wani dattijo ya kama ɗaki a gidan da Baba yake haya, ya sami aikin gadi a wani sito. Malam Shehu muke ce masa. Sai daga baya muka ji ƙishin-ƙishin cewa sarki ne, sarkin wani gari da ake kira Dutsen Marke, an tuɓe shi don ya ƙi sa hannu a ƙwace gonakin mutanensa, aka kuma hana shi taka ƙasarsa. Ban taɓa jin ya ɗaga maganar da bakinsa ba. Da la'asar yakan zo ya zauna a bencin shagona tare da Baba Zakariyya'u, kuma da yake mutum ne da ya yi karatu mai zurfi, sai ya riƙa ba shi labarin yadda sarakunan duniya suke binne kansu. Fir'aunonin Masar da suka tara duwatsu kamar za su taɓo sama. Wani sarkin Sin da ya sa aka ƙera masa dubban sojojin yumɓu su yi gadinsa a ƙarƙashin ƙasa. Wani sarkin Indiya da matarsa ta rasu, ya gina mata farin gini wanda har yau ake zuwa kallo daga ko'ina.

Baba yakan saurara kamar mai jin labarin abokan sana'a. Tambayarsa kullum ɗaya ce: "To, su waɗanda suka haƙa, ina aka sa su?" Malam Shehu ya yi dariya ya ce wannan kam littattafai ba su cika faɗa ba. A kan na sarkin Indiya ne kawai Baba bai yi wannan tambaya ba. Ya daɗe yana kallon ƙuryar gabas, sannan ya ce, "Wannan ya cika alkawari."

Malam Shehu ya rasu da damina. Mu bakwai muka sallace shi, har da liman. Daga garinsa ko mutum ɗaya bai zo ba, tsoro ya hana su, babban ɗansa kuwa yana can gudun hijira a wata ƙasa. Ni na ɗinka likkafanin. Da aka zo rufe ramin sai itace ya gaza, ga ruwa yana shirin saukowa. Akwai wata maƙwabciyarsu, Scholastica, Kirista ce daga kudancin jihar, mai sayar da ƙosai, wadda ta daɗe tana aika wa tsohon abinci in ba shi da lafiya. Da ta ji abin da ake ciki ta juye ruwan randarta a ƙasa, ta ce a ɗauka. Baba ya raba randar biyu ya rufe ramin, ya ware guntun wuyanta ya binne a wajen kai, yadda ya saba. Aka watse, duniya ta ci gaba da harkarta.

Sai soja suka koma bariki, siyasa ta dawo. Ku da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane ba. Murna muka yi ta gaske, ni har rawa na taka a tsakiyar titi ranar rantsuwa, ban kuma ji kunya ba. Fosta ta rufe kowane bango, na ɗinka manyan riguna har yatsuna suka kumbura, duk wanda ya iya ɗaga hannu ya zama honorabul. A cikinsu akwai Mustapha, yaron da na sani tun yana tallan rake, ya zama kansila. Ba mugu ba ne can-can, amma irin mutanen nan ne da in suka ga fili babu gini sai cikinsu ya fara ciwo.

Tsohon ɓangaren maƙabartar, daga ɗorawa zuwa ƙuryar gabas, ya cika tun da daɗewa, an daina binnewa a ciki. Kaburburan sun kwanta, ciyawa ta rufe, ga shi babu katanga ko shinge. Mustapha ya zo da wasu mutane masu tef ɗin awo, suka zaga, ya ce wannan ai fili ne kawai, za a yanka shaguna da tashar mota don ci gaban al'umma. Baba Zakariyya'u ya ce masa akwai mutum sama da dubu a kwance a wurin. Mustapha ya ce, "Baba, ina alama? Nuna mini allo ɗaya." Kun ga yadda gwanintar mutum take juyowa ta cije shi. Alamun duk suna ƙarƙashin ƙasa, masu su kuma yawancinsu 'yan ci-rani ne da leburorin masaƙa da danginsu suka watse. Muka kai kuka wurin mai unguwa, muka rubuta takarda, aka ce ana dubawa. Ana dubawar ne muka wayi gari an ajiye gireda a bakin hanya, daidai ƙofar shagona, aka ce ƙarshen wata za ta shiga. Baba ya daina cin abinci sosai. Hauwa da 'ya'yansa suna daidai inda aka zana za a yi wurin wankin mota.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, da hantsi, sai ga motoci biyar sun tsaya. Mutane suka firfito da rawuna da manyan riguna, har da maroƙi. Mutanen Dutsen Marke ne. Gwamnatin farar hula ta mayar wa gidan Malam Shehu sarautarsu, za a naɗa ɗansa Yakubu, wanda ya dawo daga hijira. To, su a al'adarsu sarakunansu a cikin fada ake binne su, a wani ɗaki na musamman, kuma ba a naɗa sabon sarki sai ya durƙusa a kan kabarin wanda ya gada ya ɗebi ƙasarsa da hannunsa. Tun da wannan ya rasu a waje, dole a zo a nemo shi, a ɗebi ƙasar a kai fada. An riga an sa ranar naɗi, an raba goron gayyata.

Ba su tambayi kowa ba. Ina za su tambayi tela? Suka shiga, suka dudduba, suka hango wani kabari guda a ɓangaren da su Mustapha ba su auna ba, wanda aka ɗaure da siminti, mai tsayi, da ƙarfe kewaye da shi, rubutun jikinsa ya goge. Galadimansu, wani ƙaton dattijo mai muryar ganga, ya nuna da sanda ya ce ai ba sai an faɗa ba, kabarin sarki ba ya ɓuya. Suka zube a wurin. Maroƙi ya fara kirari, wasu suna kuka da hawaye shaɓe-shaɓe, Yakubu ya durƙusa yana shafa simintin. Ni kuwa ina bakin shago, dariya tana cina, tausayi yana cina, don duk unguwa an san kabarin nan. Na wani mahauci ne da ya yi arziki da sayar da kai da ƙafa, mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, 'ya'yansa suka yi masa ginin don a san sun isa. Rabonsa da samun addu'a irin ta ranar, ina jin tun da aka binne shi.

Baba Zakariyya'u ya bari sai da suka shafa fatiha, don ya ce ba a katse wa mamaci rabonsa. Sannan ya matsa, da tsohuwar rigarsa mai jan ƙasa, ya ce, "Sannunku da zuwa. Allah ya karɓa. Amma wanda kuke nema ba ya nan."

Galadima ya dube shi sama da ƙasa. "Kai wane ne?"

"Ni na haƙa wannan, ni na haƙa wancan da kuke nema."

Nan fa kallo ya koma kansa. Aka kawo shi shagona, don nan ne kawai akwai benci da inuwa, Yakubu ya zauna kusa da shi. Mutum ne mai sanyin hali, kamarsa ɗaya da ubansa har yadda yake riƙe gemu. Ya ce, "Baba, ka kai ni wurinsa. Za mu gina masa hubbare, da rufi da ƙofa, yadda ya dace da shi. Kai kuma bana da kai za a sauke farali, in Allah ya yarda."

Na san abin da kujerar Makka take nufi a wurin Baba. Ya sha gaya mini babu abin da yake so kamar ya ga maƙabartar Madina da idonsa kafin ya mutu. Kafin ya amsa sai ga Mustapha, labari ya kai masa, ya shigo yana haki yana zuba gaisuwa. Ya ce wannan ai abin alfahari ne ga mazaɓarsa. A nuna wurin kawai, shi zai sa a bar wa mai martaba ƙafa ashirin ta kowane gefe, gireda ba za ta kusance shi ba, sauran filin kuma a ci gaba da aiki.

Baba ya dubi giredar, ya dubi Mustapha, ya dubi ɗan sarki. Sannan ya ce, "To, ba zan nuna ba."

Galadima ya buga sandarsa a ƙasa ya ce tsohon nan ya san da wa yake magana kuwa? Baba bai ko kalle shi ba, da Yakubu yake. "Ranka ya daɗe, ka ji abin da yaron nan ya ce. Yau in na nuna maka, gobe a zagaye ubanka a niƙe sauran. Muddin ba a san inda yake ba, babu mai iya sa ƙarfe a ko'ina cikin filin nan, don kowane taki zai iya zama shi ne. Shekara goma sha ɗaya yana kwance a cikin mutanen nan, babu wanda ya tsare shi sai su. Yanzu shi zai tsare su."

"Baba, ubana ne," in ji Yakubu. "Ban ga gawarsa ba. Ban sallace shi ba."

"Na sani. Ni ma matata tana ciki, da 'ya'yana biyu. A kewaye wurin nan duka da katanga, daga ɗorawa har ƙuryar gabas, a kawo takardar da ta ce maƙabarta ce har abada. Ranar da aka ɗora bulo na ƙarshe zan kama hannunka in kai ka."

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Galadima ya ce a nemo sauran waɗanda suka yi jana'izar. Liman ya rasu, uku sun bar gari, ɗaya ya makance. Saura ni. Suka tasa ni gaba, ni ma don kada a ce na ƙi, na shiga na yi ta zagaye cikin ciyawa kamar akuyar da ta ɓata, ƙaya ta yage mini wando. Wallahi ko da na so nunawa ban sani ba, damina goma sha ɗaya ba wasa ba ce, kuma ban taɓa jin daɗin jahilcina irin na ranar ba. Mustapha ya zuga kwamitin maƙabarta suka ce sun sallami Baba daga aiki, aikin da ya yi shekara arba'in da wani abu. Wasu 'yan unguwa da aka yi wa alkawarin shaguna suka daina gaishe shi. Aka aiko masa da malamai su yi masa wa'azi a kan hakkin ɗa da uba, ya saurara har ƙarshe, ya ce su ƙara masa da na hakkin mamaci a kan mai rai. Galadima ya dawo shi kaɗai da lallashi, ya ƙara kujerar Makka ta zama biyu. Baba ya ce ta biyun wa zai ba, wadda zai tafi da ita ai tana ƙuryar gabas. Kullum da safe yakan zo ya zauna a gindin ɗorawa da digarsa a kan cinya, ko gezau. Ni kaina na ce masa, "Baba, kada fa a yi biyu babu." Ya ce in koma kan kekena.

Ranar kwana na huɗu Yakubu ya zo ba rawani ba 'yan rakiya, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ina jin su daga shago. Bai roƙe shi ba. Cewa ya yi ya ba shi labarin yadda ubansa ya rayu a nan. Baba ya ba shi: aikin gadi, ɗakin da yake yoyo, ƙosan Scholastica, hirar Fir'auna da sojojin yumɓu. Ya ce masa akwai ranar da ya tambayi tsohon ko yana baƙin cikin ba za a sa shi a ɗakin kakanninsa ba, tsohon ya ce a'a, don gonakin talakawa aka kore shi, in an kwantar da shi a cikinsu ai bai yi nisa da gida ba. Da Yakubu ya tashi ya ce, "Baba, bulo nawa wurin nan zai ci?"

Ban san ƙofofin da ya ƙwanƙwasa ba, amma wanda ake shirin naɗawa sarki a lokacin da 'yan siyasa suke neman ƙuri'un garinsa ba ya daɗewa a layi. Cikin kwana biyu takarda ta fito da hatimi. Washegari motocin yashi da bulo suka fara sauke kaya, mutanen Dutsen Marke suka cika motoci biyu suka zo da cebur da kwanon ɗiba. Babban magini kuwa Nelson ne, ɗan Scholastica. Shi da uwarsa sun tashi daga unguwar sun koma wajen Rido tun rikicin da ya raba garin nan shekara guda kafin nan, kuma tun lokacin bai sake taka layinmu ba. Da ya ji don wa ake aikin ya zo da yaransa na gini su takwas. Da 'yan unguwa suka ga haka kunya ta kama su, aka fito. Masu faci, masu shayi, direbobi, har waɗanda suka daina gaishe da Baba, kowa ya ɗauki bulo. Mata suka riƙa aiko da kunu da ruwa. Ni da ban taɓa ɗaga abin da ya fi dutsen guga nauyi ba, sai da bayana ya yi mako yana ba ni labari. Rana ta uku da fara aikin aka zo aka janye giredar. Rana ta biyar ga Mustapha da mai ɗaukar hoto, ya naɗe hannun riga ya ɗora bulo ɗaya a karkace, ya yi jawabi a kan yadda ya daɗe yana fafutukar kare maƙabartar. Nelson ya jira ya tafi, ya cire bulon ya gyara.

An ɗora na ƙarshe ana jibi naɗi, da hantsi. Jama'a ta cika wurin maƙil. Baba Zakariyya'u ya tashi ya kama hannun Yakubu kamar yadda ya ce. Sai Galadima, wanda har yanzu kunyar mahauci ba ta sake shi ba, ya ce, "Tsaya. Mun yi kuka a kan kabarin wani sau ɗaya. Da me za mu san wannan karon ba a kan wani za a kai mu ba?"

Baba ya ce a kira Scholastica. Tana waje tare da mata, bakin sabuwar ƙofa, ta tsufa, tana dogara sanda. Ya ɗaga murya ya ce, "Maman Nelson, randar nan da kika bayar, yaya wuyanta yake?"

Ta ce, "Irin ta garinmu ce, uwata ta gina ta. Layi uku na zanen yatsa a wuya, da wani gurbi a baki inda Nelson ya buga mata taɓarya yana yaro. Na liƙe wurin da kwalta."

Baba ya juya ya fara tafiya daga gindin ɗorawa, yana ƙirga a hankali, mu duka muna biye. Da ya kai layi na goma sha huɗu ya karya dama. Ya wuce kabari shida ya tsaya a wani wuri da ba shi da bambanci da ko'ina, ciyawa ce kawai da ƙasa a shafe. Ya durƙusa ya tona da yatsunsa, zurfin taƙi ɗaya, ya ciro wani abu ya kakkaɓe, ya miƙa wa Galadima. Wuyan randa ne, layi uku na zanen yatsa, ga baƙin tabon kwalta a bakinsa. Galadima ya juya shi, ya sake juyawa, sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa ya rushe da kuka. Kabbara ta tashi, mata a waje suka ɗauki guɗa. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba, kuma daɗin da na ji ranar ya fi na ranar rantsuwa.

Yakubu ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, ya ɗebi ƙasar ya ƙulle a farin ƙyalle. Da ya ɗago ya tambayi su wane ne a gefen ubansa. Baba ya ce na dama wani mai turin baro ne daga Gobir, na hagu wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ya ƙara da cewa in za a haƙa harsashin hubbare, sai an taɓa su. Yakubu ya dubi doguwar katangar da ta zagaye su duka, ya ce a bar shi haka. Ya karɓi wuyan randar daga hannun Galadima ya mayar cikin ramin da kansa, ya rufe.

Kwamiti suka mayar da Baba bakin aikinsa ba tare da kowa ya ce uffan ba. Makka kuwa sarki ya cika alkawari, Baba ya je bayan shekara biyu, ya dawo yana yaba yadda ƙasarsu take da sauƙin haƙa. Ya rasu shekara shida bayan katangar, muka sa shi a ƙuryar gabas, a wani ɗan gurbi da ya daɗe da warewa bai gaya wa kowa ba sai ni. Bakin tsohuwar digarsa na binne masa a wajen kai.

Amma ba wannan nake yawan tunawa ba. Ranar da aka gama katangar, bayan motoci sun tafi jama'a ta watse, na koma ciki neman hulata da ta faɗi wajen ɗaukar bulo. Sai na hango shi can ƙuryar gabas shi kaɗai. Yana tsaye yana shafa sabon bulon da tafin hannunsa, yana tura shi kaɗan kamar mai gwada ƙarfinsa. Wata akuya tana ta kai da kawowa a waje tana neman hanyar da ta saba bi, ta rasa. Ya tsuguna kusa da inda Hauwa take, na ga haƙoransa sun fito. A hankali ya yi maganar, amma na ji.

"Hauwa, na makara. Amma ga ta nan, an yi."